Lahadin da Gari Ya Ari Hannunki

Ya Noreen, sanyin idona, fitilar da ke nuna wa jirgina hanyar gida, kunnena da ya fi wanda aka haife ni da shi,

Ki gyara zama a kan kujerar nan da 'yarmu Heather ta saya miki, ki lallaɓa ƙugun da ƙanƙarar bakin ƙofarmu ta karya, domin albishir na kawo. Na yi kiɗan Lahadi, Noreen! Na yi shi ba ke, kuma ban faɗi ba. Da waya na da amfani a wurina da tuni na cika miki kunne, amma kin san idan na kara ta a kunne ba abin da nake ji sai shuu kamar iskar bakin teku. Shi ya sa na ɗauko biro da waɗannan yatsu da tsirkiya ta mayar kamar ƙaho.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa mashayar nan ta bakin tashar jiragen ruwan Grimsby? Lokacin uban Yvonne ne ke riƙe da ita, ita kuwa Yvonne, mai mashayar yanzu, tana rarrafe a bayan kanta. Kin taso daga kamfanin gyaran kifi, kina ƙanshin sabulu da gishiri, da jan gyale a wuya. Na gama waƙa ina hura hanci, na zo ina jiran yabo, sai kika ce jitata tana kuka mai daɗi, amma ni ina rera waƙa kamar tsuntsun teku da ke faɗa kan soyayyen dankali. Wace mace ce ke sace zuciyar namiji da zagi in ba ke ba? Tun ranar ban sake mallakar kaina ba.

Fiye da shekara arba'in ke nan ina kaɗa rok da buluz a garin nan. Na yi kiɗa a bukukuwan aure, na yi a zaman makokin masunta waɗanda teku ba ta dawo da gawarsu ba. Na yi lokacin da tashar ke cike da jirage, na yi bayan an ɗaure su sun yi tsatsa. Sau ɗaya wani mai kamfanin faifai ya zo daga London, ya cinye kifin da muka saya masa, ya ce zai kira, har yau muna jira. To, sai me? Babu titin da zan bi a garin nan ban haɗu da ma'auratan da suka fara riƙe hannu a gaban jitata ba. Wannan sarauta ta ishe ni.

Sai dai kiɗan ya karɓi ladansa. Duk tsawon shekarun nan a hagun Clive mai ganga nake tsayawa, dab da farantan tagullarsa, domin mu makaɗa mun yarda cewa sauya wurin tsayuwa yana kawo rashin sa'a. Farantan suka cinye kunne ɗaya, lasifikata ta cinye ɗayan. Ranar da likita ya gama bayaninsa na dawo gida na tura jita ƙarƙashin gado. Wa ya jawo ta? Ke ce, ya ruwan sanyina. Kika sa na tuɓe takalmi a kan dandamali don in ji babbar jitar abokin kiɗanmu Alwyn tana motsa katako a tafin ƙafata. Kika hau doguwar kujerar bakin ƙofa kika zama kunnena. Hannunki na sama da ƙasa yana riƙe mini bugu. In murya ta kauce, yatsanki ya nuna sama ko ƙasa. In na cika ƙara, ki ja fatar kunnenki. In kuwa na kai ƙarshen waƙar rufewa, sai ki ɗora tafinki a ƙirji, ki bar shi a wurin. Wannan alamar ba ta gyara komai, amma dominta nake kiɗan duka.

Da Heather ta tafi da ke Carlisle jinya, Lahadi biyu na yi kwaɓa. Clive ya ce a wajen bugu shi da Alwyn suna Grimsby, ni kuwa ina can Norway. Yvonne ta kira ni gefe, ta tsaya inda zan ga leɓenta, ta ce ba don ba ta so na ba, amma in Lahadi ta uku ta lalace dole ta kawo na'urar nan da kowane mashayi ke ɗaukar makirifo ya yi ihu. Na ce na ji. Na fito ina ji kamar an sa mini ranar jana'iza.

Ranar ta zo. Bayan an ci gasasshen naman rana ɗakin ya cika, hasken taga na faɗowa daidai kan kujerarki. Na tuɓe takalmi. Waƙar farko mai sauri ce, ƙafata ta kai ni. Ta biyu ita ce mai nauyin nan da na yi wa jirgin yayanki, wadda Alwyn ke yin shiru a tsakiyarta. Da ya yi shiru sai katako ya mutu a ƙarƙashina. Na ga fuskar Clive ta sauya, na san na ɓata. Idona ya tafi bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya tarar da kujera babu kowa. Wallahi, Noreen, har na kai hannu zan sauke jitar.

Sai na ga wani hannu ya tashi kusa da ƙofa, mai yatsu uku. Tsoho Ogden ne, wanda igiyar jirgi ta cinye wa sauran, wanda bai taɓa tafa mini ba tun da nake. Yana kai hannu sama da ƙasa, daidai yadda kike yi. Pauline mai shagon burodi ta ɗaga nata. Teburin direbobin tasi ya ɗaga. Kafin in ja numfashi ɗakin gaba ɗaya ya zama kamar ciyawar bakin gaɓa da iska ke kaɗawa wuri guda. Ashe duk shekarun nan ba ni kaɗai ke kallonki ba! Na kama bugun, na shiga. Da murya ta hau fiye da kima sai ga yatsu ko'ina suna nuna ƙasa. Daɗi ya kwashe ni na murɗa lasifika, sai dukan mashayar ta kama fatar kunne tana dariya, har da Yvonne a bayan famfon giya. Jitar ta yi kukan da ba ta yi ba tun ina da gashi.

Ban ji tafinsu ba, amma na ji shi a ƙafata, katako har rawa yake. Yvonne ta zo tana share ido da tsumman goge kofi, ta ce, "Dez, Lahadi taka ce har ranar da za a fitar da kai a akwati."

To, ga abin da ya sa na rubuto. Heather ta ce kina kuka, wai kin zama kaya, wai ƙila ki zauna can tunda ba za ki iya hawa doguwar kujera ba. Haba, hasken safiyata! Clive ya riga ya yi alkawarin rage wa kujerar ƙafafu. Kuma ki ji yadda aka rufe. Da na saki tsirkiyar ƙarshe na duba ɗakin, hannuwan nan duk sun sauka, ba wanda ya ɗora nasa a ƙirji. Na tambayi Ogden ko wannan ce ba su koya ba. Ya ajiye kofinsa, ya matso da bakinsa inda zan gani, ya ce, "Mun san ta sarai, kurma. Ba tamu ba ce."

Ki warke ki dawo, Noreen. Gari zai iya riƙe mini bugu, amma ba wanda zai gaya mini waƙa ta ƙare sai ke. Har ki zo, kowace Lahadi zan tsaya ba takalmi ina kallon ƙofa.

Naki tun ranar jan gyale, naki har jita ta yi shiru,

Desmond