Akwati na Huɗu

Makera, Kaduna.
Litinin, 5 ga Mayu.

Zuwa ga Anti Lizzy,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen ofis. Ni ce Hafsat Lawal, ɗaya daga cikin 'yan mata talatin na ajin Asabar da kika ba littafi mu koya wa iyayenmu mata karatu a gida. Na ba Debby 'yar ajinmu wasiƙar nan ta kawo miki don na kasa faɗa da baki. Ranar Asabar sau biyu ina zuwa bakin teburinki ina komawa.

Anti, kin tuna akwatuna huɗu da kika zana mana a allo, da kibiya tsakaninsu? Na farko abin da aka zuba, wato littattafai da alli. Na biyu abin da aka yi, darasi kowace yamma. Na uku abin da ya fito: uwaye talatin sun gama littafin. Na huɗu abin da ya canza a rayuwarsu. Kin ce masu ba da tallafi na huɗun suke dubawa, sauran duk hanya ce.

A fom ɗin da kika raba mana an tambaya, "Mamarki ta iya karatu yanzu?" Na sa Eh. A lokacin ban ɗauke shi ƙarya ba. Umma takan buɗe shafi na tara ta karanta labarin kaza daga sama har ƙasa, ba tuntuɓe. Sai watan jiya na lura idonta yana kan keken ɗinki, bakinta yana ta tafiya. Na rufe littafin a hankali, ta ci gaba har ƙarshe. Hadda ta yi, Anti, kamar yadda ta haddace izu biyar tana yarinya. Da na rubuta mata "kaza" a wata takarda sai ta ce, "Wannan ai ba mu zo wurin ba tukuna."

Na yi shiru tun lokacin. Yanzu Debby ta ce hoton Umma ne a shafin farko na takardar neman tallafin, kuma Malam Zakariyya'u, wanda aka turo ya duba aikinmu, shagonta zai fara zuwa ran Alhamis. Don Allah ki kai shi wani gida. Umma ta riga ta gaya wa duk layinmu 'yarta ta sa ta a boko. In ya miƙa mata takarda a gaban masu kawo ɗinki, ban san inda zan sa fuskata ba, balle ita.

Ki yafe mini.

Taki mai biyayya,
Hafsat.

*

Sabon Tasha,
Talata.

Hafsat ɗiyata,

Ya makaranta, ya Umma? Na ga saƙonki, sai da na nemi kujera.

Ba zan ɓoye miki ba, abin da ya fara zuwa raina shi ne in ce wa Malam Zakariyya'u, "Oga, gwada ta da shafi na tara mana." Har na ɗauki waya. Kin ga mai koya wa yara gaskiya!

Na ajiye wayar, na tara goma daga cikin 'yan ajinku na tambaye su. Bakwai suka sunkuyar da kai. Mamar Debby ma haka, ta mai da littafin kamar waƙar coci. To laifin wa? Da Turanci na tsara fom ɗin, na juya shi a gurguje, ban gwada shi a kan kowa ba. Ni da aka haifa a Kakuri, na manta a Hausa wanda ya biya da ka ma karatu ya yi. Kuka ce Eh, ni kuma don Eh ɗin ya yi mini daɗi ban sake tambaya ba.

Gida kam ba zan iya canzawa ba. Shi ya zaɓa, kuma ƙa'idarsu ita ce ba na raka shi. In tallafin ya tafi, ajin Asabar ya tafi, ke ma kin sani. Abu ɗaya nake roƙo: ki gaya wa Umma yau, kada ta fara ji a bakin baƙo.

Ki daina leƙen teburina kina gudu, ba na cizo.

Antinki,
Lizzy.

*

Makera,
Juma'a, 9 ga Mayu.

Anti Lizzy,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na gode da ba ki yi fushi ba.

Na gaya wa Umma ran Laraba tana yankan atamfa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Wato wata shida aku kike kiwo?" Ta ɗauke littafin ta sa saman durowa.

Malam Zakariyya'u ya zo jiya bayan la'asar, ya zauna a benci. Hajiya Sumayya maƙwabciyarmu ta kawo ɗinki, ta ga baƙo da jaka, ta ƙi tafiya. Kafin ya buɗe jakar Umma ta ce, "Malam, kada ka wahalar da kanka. In shafi na tara ne, ko daga barci ka tashe ni. In wani ne, sai haƙuri."

Duk da haka ya miƙa mata katin asibiti. Ta riƙe shi ta daɗe, sannan ta mayar masa da hannu biyu. Hajiya Sumayya ta ce, "Af, ashe bokon na hoto ne." Anti, na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa rubutu kawai yake yi.

Da ya miƙe zai tafi sai ya tsaya a kan tulin atamfofi ya ce, "Wa ya yi wannan?" A bakin kowace atamfa akwai alamar alli: S, B, D.

Umma ta ce, "Ni ce. Da tsumma nake ƙullawa in gane mai kaya, sai in manta launin wa na ƙulla. Yanzu harafin farko nake sawa. Tun azumi ban ba wata kayan wata ba. Amma tunda Allah ya kawo ka, Malam, Hauwa da Hadiza fa? Kan sunansu iri ɗaya, shekaranjiya saura kaɗan su yi dambe a nan."

Ya yi dariya, ya ajiye jaka ya karɓi alli, ya nuna mata yadda za ta ƙara haruffa biyu. Ta kwaikwaya a gefen tebur har sau huɗu.

Anti, ni nake share shagon nan kullum. Na ɗauka alamar awo ce. Wata shida ina sauraron bakinta, ban taɓa kallon hannunta ba. Wannan ya fi na fom ɗin zafi, har yanzu na kasa haɗa ido da ita.

Bai ce komai game da tallafin ba. Ki huta lafiya.

Taki,
Hafsat.

*

Sabon Tasha,
Litinin.

Hafsat,

Na goge akwati na huɗu. Inda na sa "uwaye talatin sun iya karatu" yanzu an rubuta shida, don su ne na gwada da sabuwar takarda suka karanta. Sauran zan bi su gida gida in kalli hannu. Amsar masu tallafi sai wata mai zuwa, ko su ba mu ko su hana.

Ga atamfa turmi ɗaya na ba Debby, riga da zani. Ki ce wa Umma kada ta ƙulla mini tsumma. In akwai Lami ko Ladi a layinku, ta ƙara harafi.

Antinki,
Lizzy.