Ba Butar Surukina Aka Dawo Mini Da Ita Ba

Assalamu alaikum Hajiya Sauda. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mini a ƙirji, kuma wadda na saba kai wa kukana ita ce abin ya shafa. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya. Mujallarku alhazai ne ke kawo mana ita nan Jidda, sai ta zaga gida biyar a layinmu kafin ta yage.

Shekarata ashirin da huɗu a Sharafiyya. Maigidana ya rasu a watan Sha'aban da ya wuce, ƙarshen 1998. Aikinsa gyaran tsofaffin kayan tagulla ne a wani shago a Balad, tsohon garin Jidda, butocin gahawar Larabawa da tire da turmi. Gado ya yi, mahaifinsa maƙeri ne a Kano. Abin da tsohon ya bar masa buta ce da tasarta na jan ƙarfe, na wanke hannu. Shi ya ƙera su, ya ɗauko su ta Sudan zamanin da ake zuwa hajji a ƙasa.

Tsohon yana da alamarsa, ƙafar tsuntsu mai yatsu uku da ɗigo biyu a gefe. Sau biyu yake buga ta a jikin duk abin da ya ƙera. Ɗaya a ƙasa inda kowa ke dubawa, ɗaya a ɓoye: a butar tana ƙarƙashin mariƙi, a tasar tana ƙarƙashin leɓe. Wai ya san halin matan Hausawa da toka da tsamiya. Kuma ya yi gaskiya, don ni na cinye ta ƙasan da guga duk Juma'a, har ɗigo ɗaya ya daina ganuwa, sai dai a ji shi da yatsa. Marigayi yakan tsaya a kaina ya ce, Mai Tsamiya, a hankali, za ki goge mini uba. Shi ya kama babban yatsana ya ɗora a kan ta ɓoyen, ya ce ko ba ya nan in san inda tsohon yake.

Ina da ƙawa, zan kira ta Mastura, ba sunanta ba ne. Shekara goma sha tara muna tare. Ita ta riƙe ni ranar da aka fita da gawar, ita ta yi ta kawo mini abinci har bayan na fita takaba. Ina cikin takabar aka yi bikin 'yarta, ta ce in ara mata butar a wanke wa dangin ango hannu, a fita kunya. Tasar ba ta ɗauka ba, don tana da 'yar ɓula da marigayi bai kai ga liƙewa ba. Ban yi tunanin komai ba. Ko raina ta ce in ara mata a lokacin, da na ba ta.

Sai bayan sati shida butar ta dawo, tana ƙyalli. Mastura ta ce mijinta Hussaini ne ya kai aka goge mini saboda godiya. Na yi godiya na ajiye. Juma'ar farko bayan na fita takaba na ɗauko ta, yatsana ya tafi ƙarƙashin mariƙi da kansa kamar yadda ya saba. Hajiya, santsi na ji. Babu komai. Na juya ƙasan, ga ƙafar tsuntsu nan a dushe. Na ɗora farar takarda na goga fensir yadda na ga marigayi yana yi wa kayan shago, sai yatsun suka fito sirara kamar an ja da ƙusa, ɗigo kuma ɗaya tak. Wanda ya yi wannan abin da ido ke gani ya kwaikwaya. Kuma ni da bakina na taɓa nuna wa Mastura alamar ƙasan ina mata alfahari. Ta ɓoyen ban taɓa gaya wa kowa ba.

Bayan haka wata baiwar Allah 'yar Nijar, mai aikatau a gidan da Hussaini yake tuƙi a unguwar Abhur, ta zo yi mini gaisuwa. Cikin hira ta ce ai ta ga irin butarmu sak a cikin gilas a falon maigidan. Ba ta san abin da ta faɗa ba.

Na tambayi Mastura a hankali. Ta yi dariya ta ce halas, ya isa haka 'yar'uwa, baƙin ciki ne ke sa ni gane-gane, in yawaita addu'a. Wato ni ce na zautu. Washegari ta aiko da shinkafa kamar kullum. Wallahi na kasa kai ta baki.

Iƙamata, wato takardar zamana, a ƙarƙashin marigayi take, yanzu ta mutu, ba ni da bakin kai ƙara ko'ina. 'Yata ɗaya ce, tana aure a Kano, kuma ubanta ya sha faɗa cewa butar da tasar nata ne. In na yi shiru, me zan kai mata? In na yi magana, Mastura ce kaɗai gare ni a garin nan. Wani lokaci har sai in ce ko dai yatsan nawa ne ya manta.

Mai Tsamiya, Sharafiyya, Jidda

Wa alaikumus salam, Mai Tsamiya. Allah Ya ji ƙan maigidanki, Ya ba ki haƙurin rashinsa.

Ba ki zautu ba. Matar da ta san ta ɗora takarda ta goga fensir hankalinta yana jikinta. Amma tun da za a taɓa mutuncin mutane, bari mu tabbatar.

Kada ki sake kai toka ko tsamiya kusa da butar nan ko tasar. Da safe ki kai su bakin taga, inda haske ke shigowa a kaikaice, ki karkata ƙasansu. Alamar da aka buga da guduma takan danna ƙarfen, bakinta ya yi laushi saboda tsufa, sau da yawa har a ji ɗan tudu ta ciki. Wadda aka ja da tsinin ƙarfe siririya ce, bakinta da kaifi, ko da an goge ta don ta yi kama da tsohuwa. Babbar shaidarki ita ce tasar, don da ƙarfen alama ɗaya tsohon ya buga musu. Ki ɗauki zanen kowacce a takarda, ki rubuta suna, ki adana. Sannan ki kai su duka biyu shagon da marigayi ya yi aiki, ki nemi dattijon da ya fi daɗewa a can. Kada ki ba shi labari. Ki tambaye shi kawai ko hannu ɗaya ne ya ƙera su.

Yanzu ga ɗaya gefen. Kin tabbatar an canza buta, ba ki tabbatar wa ya canza ba. Kina takaba, ba ki je bikin ba. Mai yiwuwa uban gidan Hussaini ya gan ta ya yaba, kin kuma fi ni sanin abin da yabon kafili, wato uban gida, yake nufi ga direban da takardunsa ke hannunsa. Mai yiwuwa Mastura sai daga baya ta sani, tsoro ya kama ta. Wannan ba ya wanke ta. Aro amana ne, kayan kuma na marainiya ne. Cewa da ta yi baƙin ciki ne ke ruɗa ki, ni a wurina ya fi canjin butar muni. Amma shinkafar da take aikowa ban ɗauke ta yaudara ba. Ta fi kama da ta mai jin kunya.

Ki je ki same ta ita kaɗai, da rana, mijinta ba ya nan. Kada ki furta kalmar sata. Ki ajiye buta da tasa a gabanta, ki kama babban yatsanta ki ɗora ƙarƙashin leɓen tasar yadda marigayi ya yi miki, sannan ki ɗora shi ƙarƙashin mariƙin butar. Ki yi shiru ki bar ta ta yi magana. In ta amsa, ku nemi dattijo ɗaya cikin mutanenku da Hussaini ke jin nauyinsa, a roƙi uban gidan nasa cikin mutunci, a gaya masa gadon marainiya ne. Akwai masu jin wannan kalmar. Ke dai kada ki taka Abhur da kanki, kada kuma ki ambaci sunan 'yar Nijar ɗin, abincinta yana gidan.

Ba zan yi miki alkawarin butar za ta dawo ba. In ba ta dawo ba, ki aika wa 'yarki tasar da ɓularta, tare da takardar zanen da gaskiyar abin da ya faru. In Mastura ta sake cewa gane-gane kike, ki ci gaba da gaisuwa, amma ki san inda za ki riƙa ajiye amanarki.

Abu na ƙarshe. Ke kika ce mujallar nan tana zaga gida biyar a layinku. Na bar sunan da kika ba ta, amma ƙafar tsuntsu ba ta ɓoyuwa. Ki riga mujallar isa gidan Mastura. Shekara goma sha tara sun cancanci ta ji daga bakinki.

Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya mayar wa marainiya da haƙƙinta.

Hajiya Sauda