An Ga Muciyar Inna

Zuwa ga Yayana, marigayi Malam Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabin da ban cika yi maka ba kana raye, ina sanar da kai wani babban al'amari: an ga muciyar Inna.

Ita dai, wadda ta ɓata muna samari, aka zargi awakin maƙwabta, aka zargi mai kawo nono, ni ma na sha harara. Kana zaune kana cin tuwo, ka ce Allah ya bayyana ta. To, ya bayyana ta, a cikin akwatin sifanoninka.

Bari in faɗa maka yadda aka yi. Saƙo ya zo ta wayar hannun nan da ta shigo gari cewa Yafendo Dije, ƙanwar Inna, tana kwance a Katagum, jiki ya yi tsanani. Inna kuwa tun rasuwarka ba ta taka ƙofar gida ba. Na ce mu ɗauki shatar mota daga tashar Azare. Ta ce in ba a kunkurun Garba ba, ba ta zuwa ko'ina. Ka san Inna. Ba a ɗaukaka ƙara.

Kunkurun naka, tsohuwar motar nan, ya tashi, amma ya ƙi tafiya: kuloci ya ƙone. Sani bakanike ya sauke injin, ya sa sabon faifan kuloci, sai injin ya ƙi komawa mazauninsa. Faifan ya ɗan kauce daga tsakiya, sandar giya ba ta samun hanyar shiga. Muka daidaita da ido, muka gwada da sukundireba, muka tura har ƙuguna ya amsa. Waya kuma tana ta ƙara, ana tambaya ko mun taso.

Ina laluben akwatinka sai ga wani guntun ice, baƙi ƙirin da giris. An fere bakinsa siriri, an bar tsakiyarsa da kauri. Sani ya zura shi ta ramin faifan, bakin ya zauna cif a zuciyar injin. Ya ɗaure notuna, ya zare icen, injin ya shige kamar an yi masa sallama.

Sai na tuna ka a ƙarƙashin darbejiya ran Asabar, malamin gona guda, kwance a kan buhu da singileti. Kakan ce: "Mota ba ta son ƙarfi, a sa mata abu a tsakiya kawai." Ni kuwa ina kan kujera da littafi, ina cewa lallai mu za mu yi wa motar nan jana'iza kafin Sallah, kai ne limami.

Na kai wa Inna icen don in ba ta dariya. Ta juya shi, ta shafa wurin da wuta ta taɓa lasa a gindinsa, ta gane abarta. Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana riƙe da shi, giris yana ɓata mata mayafi, sannan ta ce: "Mayar masa inda ya ajiye."

Mun isa Katagum da la'asar, Yaya. Mun sami Yafendo Dije da rai. Ita da Inna suka riƙe hannun juna, ni kuwa na fita waje na tsaya kusa da motarka, injin yana hucewa.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, har da muciyar. Ya haskaka kabarinka, ya daidaita maka hanya yadda ka daidaita mana tamu.

Ƙaninka,
Sale

Maganar jana'izar nan kuma, ban faɗi daidai ba. Motar tana nan a ƙarƙashin darbejiya, lafiya lau. Kai ne babu.