Ƙodar Rago a Takarda

Agaie, daren Litinin

Tun ina yaro nake fawa, amma sai yau na tsaya kallon ƙoda. Lokotoron Yamai, wato likita, ya ce allurar ciwon dajin da ake yi wa matata Hadiza tana tada garkuwar jiki, sai garkuwar ta wuce iyaka ta taɓa ƙodarta. An tsai da allurar tukuna.

Da na feɗe rago, na tsaga ƙodarsa guda ina neman inda fitsari yake bi. Na kasa sayarwa, na ƙunso ta a takarda na kawo gida.

Hadiza ta juya ta da yatsa, ta dubi ƙafafunta da suka kumbura. "Maigida, 'yar wannan ce ta kwantar da ni?"

Na ce in gasa mata? Ta ce a'a, yau dai a bar ta ta huta.