Kin Ce a Falo Nake Kwana

Zuwa ga Lesieli, matata, hasken idona, ruwan kwakwar da ke kashe mini ƙishi a tsakar rana, iskar teku da ke biyo ni har cikin gonar lemo. Ke da muryarki ke kwantar mini da gajiyar yini, ke da nake so har son ya zame mini ciwo, kuma ke da yau nake jin haushinki kamar in tsaya a tsakiyar garin nan na Mildura in kurma ihu.

Kada ki ga na fara da zaƙi ki ɗauka na huce. Ban huce ba. Wannan takarda na sa ta cikin kwalin lemon da na tsinka da hannuna, na ba direban da ke zuwa garin Robinvale ya sauke miki a gidan gwaggonki, tunda ke da waya kun zama abokan gaba. Na kira har yatsana ya gaji. Kullum Gwaggo Fane ce ke ɗauka, ta ce, "Ɗana, tana kwance, ka bar ta ta huta." Ta huta? Ke kika yi ɓarnar, ke ce kuma mai hutawa? Ni da aka rubuto wa cewa ba a yarda da aurenmu ba, in fara shirin komawa tsibirinmu Ha'apai can ƙasar Tonga, ni aka bari da tsani da buhu a wuya, ina hawa ina sauka, ina murmushin dole ga mai gona.

Bari in maimaita miki abin da kika yi, kamar yadda kika ba ni labari da bakinki kina kuka, don in ga ko zai yi miki daɗin ji daga bakin wani. Mun daɗe muna jiran ofishin shige da fice ya ba ni takardar zama. Ke 'yar ƙasa ce, a nan aka haife ki, ni kuwa baƙo ne da ya zo tsinkar lemo ya tsinci mata. Mun kai musu hotunan biki, mun kai shaidar limamin coci, mun kai duk abin da suka nema har da wanda ba su nema ba. Aka ce saura abu ɗaya: wata rana za a kira ki a waya a ji daga bakinki cewa auren nan na gaske ne, ba na neman zama ba. Na roƙe ki, na ce duk inda kiran ya same ki, ki faɗi gaskiya tsirararta. Kika yi dariya kika ce, "Lopeti, mene ne abin wahala a faɗin gaskiya?"

Sai kiran ya same ki a motar yayanki Manase, yana mayar da ke gida daga gidan kula da tsofaffi inda kike aiki, wayarki kuma a haɗe da lasifikar motar. Muryar ma'aikaciyar ta cika motar. Ta tambayi sunana, kika faɗa. Ta tambayi ranar aure, kika faɗa. Sannan ta ce, "A wane gefen gado mijinki yake kwana?" Kika kalli ƙeyar yayanki, kika ce, "A falo yake kwana." Ta ce, "Kullum?" Kika ce, "Kullum." Ta ce, "Kuna da yara, ko kuna sa rai?" Ke da cikin ya riga ya fara hana ki cin kifi, ke da na riƙe miki goshi kina amai da safen ranar, kika buɗe baki kika ce, "A'a."

A falo, Lesieli? Ni? Kujerar falon nan da ko ƙaramin yaro ba zai miƙe ƙafa a kanta ba? Da wane harshe kika ɗauke ni daga gefenki kika jefar a can? Da wane harshe kika shafe ɗan da ke cikinki tun bai ga duniya ba?

Na san abin da za ki ce, don ni ma ɗan Tonga ne, ba daga sama na faɗo ba. Na san mace ba ta ambaton gado a gaban ɗan'uwanta namiji. Na san ba ta zancen ciki, ba ta zama ɗaki ɗaya da shi in ana hirar da ta shafi miji da mata. Ni ma ina da ƙanwa, kuma da in ji irin wannan magana daga bakinta gara ƙasa ta tsage in shige. To amma ba ki da bakin cewa, "Ki sake kira anjima"? Ba ki da yatsan kashe waya? Kunya ta ɗaure miki harshe a kan gaskiya, amma ta sake shi a kan ƙarya? Wannan ne ke ci mini rai. Da shiru kika yi, da na ce al'ada ce ta kama ki. Amma kin yi magana, kin yi ta sarai, har matar ta yi miki godiya ta rubuta.

Ita ma matar ban yafe mata ba, kada ki zaci ke kaɗai nake wa. Mutanen nan so suke a farke musu zuciya kamar kifi a kan teburin kasuwa, su leƙa ciki, su ga ko sabo ne. A wurinsu soyayyar da ba a faɗa da ƙarfi ba, babu ita. Ba ta tambaye ki ko ke kaɗai ce ba. Ina za ta san cewa mutumin da ke riƙe da sitiyari ya fi alƙali nauyi a idonki? Amma ita ba matata ba ce. Ba ita ta tsaya gaban jama'a da tabarmar biki ɗaure a ƙugu bisa al'adarmu ta yi mini alkawari ba. Ke ce.

Yanzu labari ya zagaye gona. Ban san bakin da ya fitar da shi ba. Ina saman tsani sai in ji abokin aikina Tevita daga layin baya yana cewa, "Mai falo, a kawo maka bargo?" Wani ya karɓe, "Ku bar shi, bawan Allah ne, auren zumunci ya yi." Su kwashe da dariya, ni ma in yaƙe haƙora. Jiya na datse reshe mai 'ya'ya maimakon busasshe, mai gona ya tsaya yana kallona.

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Ni ban manta ba, kuma yau tunawar ma haushi take ba ni. Lahadi ce bayan an tashi daga coci, maza sun zauna da'ira a zauren baya za a sha kava, ruwan saiwar nan mai ɗaci na gargajiyarmu, aka ce an samo budurwar da za ta dama. Kika shigo a hankali, fure a bayan kunnenki, kika nufi wurin akushi. Kafin ki kai, Manase ya miƙe, ya ajiye ƙoƙonsa, ya fita ba tare da ya kalli kowa ba, domin ɗan'uwa ba ya zama inda 'yar'uwarsa ke dama wa samari. Na ce a raina, ga gidan mutunci. Kika zauna kika naɗe ƙafa, hannuwanki suka shiga ruwan suna juyawa, ni kuwa na manta da waƙar da ake rerawa. Da ƙoƙo ya zo kaina na shanye, ɗacin ya kama mini harshe, na ɗago na ga kina danne dariya. Kika ce a hankali, "Baƙo, a garinku da fuska ake sha?" Tun daga ranar ban sake zama mutum ɗaya cikakke ba, rabina yana wurinki. Kunyar nan taki ita ta fara kama ni, ita na je na ba mahaifiyata labari a waya. Ban san ita ce za ta sa a kore ni daga ƙasar ba.

Lauyar da muka ɗauka ta ce dama ɗaya ta rage. Za a yi zaman sake duba hukuncin a watan gobe, ki zo ki warware abin da kika faɗa da bakinki, a kuma kawo shaida daga danginki, wanda ya ji kiran. Wa ya ji kiran in ba Manase ba? Da na faɗa miki haka, kika toshe kunnuwa kika ce, "A gabansa? Gara in mutu." Washegari na dawo daga gona na tarar kin kwashe kaya kin tafi gidan Gwaggo. Gara ki mutu? To ni fa? Gara a sa ni a jirgi? Gara ɗanmu ya san ubansa a fuskar waya, yana shafa gilashi yana kiran baba? Kin auna kunyar yini ɗaya da rayuwarmu gaba ɗaya, kuma kunyar ce ta rinjaya?

Tunda kin gudu, ni na je. Ranar Asabar na ɗaura tabarmata a ƙugu kamar mai zuwa gaban manya, na sami Manase a bayan gidansa yana gyaran injin yankan ciyawa. Na tsuguna. Na ce, "Yaya, na zo da maganar da ba ta dace da kunnenka ba." Bai ɗago ba. Ya daɗe yana juya ƙusa ɗaya, sannan ya ce, "A kan gadar kogi muke lokacin. Ba wurin tsayawa. Na so in buɗe ƙofa in faɗa ruwa." Na ce, "Me ya hana ka kashe lasifikar?" Ya ce, "In na taɓa ta, ta san na ji." Kin ji halinku? Ke kina ƙarya don kada ya ji, shi yana ƙame don kada ki san ya ji, ni kuma ina can saman bishiya ana yanka ni ban sani ba.

Ya goge hannunsa da tsumma, har yanzu idonsa a kan injin. Ya ce, "Zan je. Zan shiga kafin ita. Zan gaya musu ni na ɗauko gadon nan a motata ranar tarewa, guda ɗaya ne, na sauke a bakin ƙofa ban shiga ba. Zan gaya musu kujerar falonku ko rabinka ba za ta ɗauka ba, ƙaton banza." Ya ƙara da cewa, "Na ga Gwaggo ta fara saƙa ƙaramar tabarma irin ta jarirai. Ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba." Na ce, "Yaya, ita fa ba za ta iya magana kana ɗakin ba." Sai a lokacin ya kalle ni, ya ce, "Da na gama nawa zan tuna na ajiye mota inda bai kamata ba. Garin nan wurin ajiye mota wahala gare shi. Ina jin sai yamma zan samu."

Na fito daga gidan idona ya cika. Mutumin da ya ajiye ƙoƙonsa ya fita don ki zauna, zai sake fita don ki yi magana. Ya yi nasa. Lauya ta yi nata. Ni na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba, na kai zancen ɗakinmu gaban surukina da rana tsaka. Ba sauran ƙeyar da za ki kalla, Lesieli. Ba sauran wanda za ki ɓuya a bayansa. Bakinki kaɗai ya rage.

Ya ke sanyin raina, furen da na tsinka ban san yana da ƙaya ba, ina fushi da ke kuma ina kewarki, su biyun sun haɗu sun hana ni cin abinci. Ba na neman ki daina kunya. Ki ji kunyar duniya duka in kin so, ki sunkuyar da kai, muryarki ta yi rawa, ki rufe fuska da mayafi, amma ki faɗa. Ki ce mijina ne. Ki ce cikin nan nasa ne. Ba don takardar zama kaɗai ba, ko da yake ita ce za ta bar ni kusa da ke. Ina so in ji da kunnena kin mayar da ni inda kika ɗauke ni.

In kuwa kin ƙi, zan hau jirgin, ba zan yi miki ƙarya ba, zan hau shi da fushinki a ƙirjina. Amma ko a Ha'apai ba wata da za ta dama mini kava in ɗaga ido in kalle ta. Ke ce ta farko, kuma ƙofar ta rufe a bayanki. Zan zauna bakin teku in tsufa ina jin haushinki ina sonki, har ranar da za a naɗe ni a tabarma.

Ki sha lemon, na zaɓo masu tsami ne saboda na san abin da bakinki ke so yanzu. Sannan ki sa Gwaggo ta rako ki gida. In an sake tambayarki, hagu ne, wajen taga, in kin manta. Kuma ki yi sauri, don tun ranar da kika tafi na kasa shiga ɗakin. Ƙafafuna na reto a hannun kujera, wuyana ya sanƙare, ƙaryarki ta kusa zama gaskiya.

Naki a fushi, naki a huce, naki har ƙarshen numfashi,
mijinki da bai taɓa kwana a falo ba sai da kika tafi,

Lopeti