Jirgin Alli a Garejina

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Da jaka ɗaya na sauka Greensboro, a Amurka. Na wanke motoci, na koyi kanikanci da ido, na buɗe garejina a Gate City, na gina gida a McLeansville. Shekara sha tara ina tura motoci Kwatano ta ruwa. Ba wanda ya riƙe mini hannu. Shi ya sa da Oumaima, autata 'yar aji huɗu, ta faɗa wa malamarsu babanta masanin jirgin ruwa ne, na amsa zan je in yi wa ajin bayani ranar 18. Suna karatun yadda ake ƙetare teku zamanin mulkin Ingila.

Laraba, 9 ga Oktoba

Oumaima ta kawo kalmomin jirgin ruwa da ake koya musu, sha biyu. Cargo, wato kaya, kaɗai na sani. Ni kwantena nake cikawa, tirela ta ɗauka. Ban taɓa ganin jirgin da idona ba. Ban faɗa wa kowa ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Matata Dalila ta ce, "Alhaji, kira malamar ka ce aiki ya taso." Matar nan ta san ni fiye da kima. Amma yarinya ta riga ta cika baki gaban ƙawayenta.

Asabar, 12 ga Oktoba

Oumaima ta biyo ni gareji da alli. Ta zana jirgi a ƙasa, tsawon mota biyu. "Baba, go to the stern." Na tsaya ina kallonta. "Baya, Baba, baya!" Na koma baya. Bow gaba. Mast dogon itacen tsakiya, ta kafa tsintsiya cikin taya. Galley wurin girki, ta ajiye butar shayina. Eric, makanikena, har da sara mini yana "Captain!" Na ce ya koma ƙarƙashin motarsa.

Ba ta yi dariya ko sau ɗaya ba. In na kuskure sai ta ce, "Again." 'Yar shekara tara! Ni da nake koya wa mutum aiki da tsawa.

Talata, 15 ga Oktoba

Scurvy. Dasashi ya ruɓe, haƙora su zube, saboda wata biyu babu lemo babu ganye. Kuma a haka mutane suka shiga jiragen, da 'ya'yansu. Wasu ma ba da sonsu aka sa su ba, ta ce, a ɗaure suke a ƙasan jirgi. Ni awa sha huɗu na yi a sama ana miƙo mini abinci.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na sa babbar riga. Na ce musu ban taɓa hawa jirgin ruwa ba. Oumaima ta tashi ta karɓi alli, ta zana jirgi a filin wasa, ta ce, "Watch my Baba." Tana kira ina tafiya. Kafin a tashi yara ashirin na bina a guje daga bow zuwa stern. Da malamar ta raba jarrabawa na miƙa hannu nima.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na ci sha ɗaya cikin sha biyu. Oumaima duka. An liƙa sunayen waɗanda suka ci a bango, wai nawa babu, don ni ba ɗalibi ba ne. Na rubuta wa malamar: a sa Ma'aruf Dabo, da manyan baƙaƙe. Ƙarƙashin na yarinyar. Nan ne wurinsa.