Shuɗin Zanen Matar Baffa

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni.

Bayan na gama jami'a na samu aiki a wani shagon kwamfuta a Kalgo, ina zana kati da kalanda. Ni baƙo ne a garin, sai in wuni ban yi magana da kowa ba, sai ƙarar janareta. Aikin da na fi iyawa shi ne jera launi ya riƙa sajewa, ya faro da duhu ya ƙare da haske ba a ga inda suka haɗu ba. Wani dattijo daga Gwandu, ina ce masa Baffa, ya kawo hoton marigayiyar matarsa, irin baƙi da farin nan. Yana so in zana zanen da ta ɗaura da launinsa, shuɗin da ya koɗe har ya kusa zama fari a bakinsa. Ya zauna kusa da ni yana cewa, "Ƙara duhu, ɗana. A'aha, wanga ai bulan wanki ne!" Muka yi ta dariya. Rabona da dariya, ni kaina ban sani ba.

Tun zuwansa na biyu na dace da launin, na adana shi. Amma da ya dawo sai na nuna masa wani da na ɓata da gangan, na ce da saura. Ina jin tun kafin damina nake haka. Duk ranar kasuwa ya hau mota ya zo da ƙwarya ta fura, mu yi hira. In na ba shi, wa zai sake leƙo ni? Wannan ba zalunci ba ne?

Ban san yanar ido ta fara rufe masa gani ba, ko kuwa na lura na ƙi yarda, Allah masani. Makon jiya kunya ta ishe ni, na buɗe masa na gaskiyan. Ya matso har hancinsa na taɓa gilashin kwamfutar, ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗana, duk hazo nika gani. Kai ba ka yi min ƙarya. In ya yi, ce ya yi."

Na ce ya yi. Ya shafa gilashin ya sa min albarka.

Jibi zai zo karɓa. In na faɗa masa launin ya samu tun yana gani, wataƙila ba zai sake kirana ɗansa ba. In na yi shiru, da wane ido zan karɓi albarkar nan? Me zan yi?